Japan: Uwa Ce A Gaban Doka, Baƙuwa Ce A Ofishin Shige Da Fice

A Japan, idan ɗan ƙasa ya rasu ya bar mata baƙuwa da 'ya'ya, doka ba ta yi wa uwar rowa ba: riƙon yaran yana hannunta kai tsaye, ko dangin mamacin sun so ko sun ƙi. Gizo yana saƙa ne a wajen izinin zama. Takardar da take riƙe da ita ta aure ce, mutuwa kuwa ta raba auren. Kwana 14 aka ba ta ta sanar da hukumar shige da fice, hawayenta bai ko bushe ba. Bayan wata shida ana iya soke izinin in babu ƙwaƙƙwaran dalili.

Gaskiya ne tun 1996 Ma'aikatar Shari'a ta buɗe ƙofar izinin zama na dogon lokaci ga baƙon da ke renon ɗan Japan. Amma roƙo ake yi, hukuma ta duba, kuma duk ma'aikacin gwamnati ya san nauyin kalmar “a duba”. Kamata ya yi majalisar ƙasar ta mayar da izinin haƙƙi a rubuce. Yaran 'yan ƙasa ne. In aka hana uwarsu zama, ko dai su bi ta su bar ƙasarsu, ko su zauna ba uwa ba uba.