Kada Mutanen Girka Su Raina Miyar Wakensu

Duk baƙon da ya sauka birnin Atina ya shiga gidan cin abinci, abin da za a fara miƙo masa shi ne tsiren da suke kira suflaki, ko kuwa musaka, wato gauta da niƙaƙƙen nama da aka gasa a tanda. Sai ya koma gida yana cewa ya ci abincin Girkawa na asali. A ganina wannan kuskure ne babba, kuma kuskuren ya fara shiga zukatan Girkawan kansu.

Abincin da talakan Girka ya tashi da shi ba nama ba ne. Gurasa ce, da man zaitun, da wake, da ganyayen daji waɗanda mata ke tsinkowa a gefen duwatsu su dafa, su zuba musu mai da ruwan lemun tsami. Horta suke kiransu, kamar dai yadda ake kwaɗon rama ko zogale a nan. Miyar farin wake kuwa, wadda suke kira fasolada, ita da yawansu ke ɗauka a matsayin abincin ƙasa. Ita kanta musakar da ake tallatawa, siffarta ta yanzu ba ta daɗe ba, don wani kuku mai suna Nikolaos Tselementes ne ya ɗora mata farar miyar madara irin ta Faransawa a shekarun 1920.

Addini ma ya taimaka wajen tsara wannan ci. Mabiya Cocin Otodoks na ƙaurace wa nama da ƙwai da madara a ranakun Laraba da Jumma'a, da kwana arba'in kafin Kirsimeti, da makonnin da ke gaban bikin Ista, da farkon watan Agusta. In aka haɗa, mai kiyayewa sosai zai yi kusan rabin shekara bai taɓa nama ba. Saboda haka dole uwargida ta ƙware wajen sarrafa wake da ganye.

To, mene ne amfanin wannan? A shekarar 1958 wani masani Ba'amurke, Ancel Keys, ya fara binciken lafiyar magidanta a ƙasashe bakwai, har da Girka. Da aka bi su shekara da shekaru, sai aka ga manoman tsibirin Kirit su ne ciwon zuciya ya fi ƙarancin kashewa, alhali suna shan mai sosai. Sai dai man zaitun ne, ga kuma noma da tafiyar ƙasa. A shekarar 2010 hukumar UNESCO ta sa wannan tsarin ci na ƙasashen Bahar Rum cikin al'adun da ya kamata duniya ta adana.

Bugu da ƙari, ba abin da ke cikin kwano kaɗai aka yaba ba, har da yadda ake zaman cinsa. Girkawa sukan jera ƙananan kwanoni, waɗanda suke kira meze, a tsakiyar tebur, kowa ya sa hannu, a daɗe ana hira. Mai cin abinci a tsanake cikin iyalinsa ba ya cika ciki kamar mai haɗiya a tsaye a bakin titi.

Abin takaici shi ne, yayin da duniya ke yabon wannan abinci, masu shi suna barinsa. Da arziki ya samu, mutane suka kwararo birane, nama da kayan zaƙi da lemon kwalba suka zama abincin yau da kullum. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya ya sha nuna cewa yaran Girka na cikin waɗanda ƙiba ta fi yi wa yawa a Turai.

Wani zai ce ai talauci ne ya sa kakanninsu cin ganye, kuma wanda ya san yunwar da ta kashe dubban mutane a Atina a lokacin mamayar Jamus, cikin 1941 da 1942, ba za a ga laifinsa ba in ya so 'ya'yansa su ƙoshi da nama. Wannan gaskiya ne, ba kuwa wanda ke roƙon a koma cikin wahala. Amma fita daga talauci ba ta tilasta wa mutum zubar da abin da ya amfane shi.

Gwamnatin Girka ta nuna tana iya tsayawa in ta ga dama. Ta yi ta fafutika har Tarayyar Turai ta amince a 2002 cewa cukun Girka kaɗai za a kira feta, kotun Turai kuma ta yi watsi da ƙarar Jamus da Denmak a 2005. Lalle ya kamata ta nuna irin wannan himma a makarantu, a riƙa ba yara wake da ganye da man zaitun, a kuma koya musu dafawa. Iyaye su ma su dawo da zaman cin abinci tare, domin a nan yaro ke sabawa da abin da zai ci har tsufansa.