A Yi Hattara Wajen Sayen Na'urar Raba Intanet

Tun da kamfanoni irin su Isocel da Celtiis na gwamnati, wanda ya fara aiki a 2022, suka shiga jawo wayar fibar har cikin gidaje a Kwatano, magidanta a Zango suke ta shawarar barin sayen data a wayar salula su koma biyan kuɗin wata. Wannan abin maraba ne ga unguwar da ta dogara da fatauci da zumunci da 'yan uwa na Malanbil, Gaya, Maraɗi da Kano. Sai dai akwai inda muke hango asara, wato wajen sayen na'urar da ke raba intanet a gida, wadda ake kira ruta.

Da farko, kada kowa ya yi gaggawar zuwa kasuwa. Kamfanin da ya jawo fibar shi ke kafa akwatinsa, domin abin da ke tafiya cikin wayar haske ne, sai wannan akwati ya juya shi kafin kwamfuta ko salula ta amfana. Galibin akwatunan suna ba da wifi da kansu, kuma sukan wadatar da mai ɗaki biyu da falo. Tsohuwar na'urar 4G mai cin katin sim ba ta maye gurbinsu.

Idan gidan babba ne har ana bukatar ƙari, to, a duba ramukan da ke bayan na'urar, a bar ƙirga ƙahonin da ke kanta. Yawancin tsofaffin da ake sayarwa gwanjo raminsu ba ya wuce mega 100. Wanda ya biya kuɗin mega 200 ya haɗa da irin wannan, rabin kuɗinsa ya bi ruwa kowane wata. A nemi mai ramin gigabit, wato mega 1000. Masu iya magana sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida.

Haka kuma a nemi mai zango biyu, 2.4 da 5 GHz, ƙirar Wi-Fi 5 ko Wi-Fi 6 da ta fito a 2019. Zangon 2.4 yana ratsa bango, amma hanyoyi uku kacal gare shi da ba sa hawa kan juna, kuma a unguwa mai cunkoso kamar tamu na'urorin maƙwabta duk a nan suke turereniya. Zangon 5 ya fi sauri, sai dai bangon siminti yana raunana shi. Saboda haka a ɗora na'urar a sama, a tsakiyar gida, ba a bayan talabijin ko cikin kabad ba. Gidan bene kuwa ya fi dacewa da na'ura ta biyu da aka haɗa da waya.

Kada a manta fibar ba ta ɗauke da lantarki. Da zarar wutar SBEE ta ɗauke, intanet ya tafi, sai ga wanda ya tanadi ƙaramin batir na bol 12. Sannan a sauya kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita, a kulle da WPA2 ko WPA3, domin gidan da ake hada-hadar kuɗi ta salula bai kamata ya bar ƙofarsa a buɗe ba.

Muna kira ga hukumar ARCEP, wadda doka ta ɗora wa tantance kayan sadarwa, da ta sa ido kan abin da ake sayarwa a kasuwanni. Su kuma kamfanoni su riƙa bayani da Hausa, Dendi da Fon a gidajen rediyo, ba da Faransanci kaɗai ba. 'Yan uwanmu masu shaguna kuma su ji tsoron Allah, su gaya wa mai saye gaskiyar abin da ke cikin kwali.

Allah Ya sa mu dace.