Karyar Da Ta Yi Mana Gadi, Ina Za Mu Kai Ta?

Jama'a ƴan kasuwa, maza da mata, yau maganar kare muka kawo maku, kuma mun san wasu za su ce duk matsalar tsadar hatsi da haraji ba ta ishe mu ba sai ta kare. To a yi haƙuri a saurara.

A layinmu na unguwar Sabon Gari a nan Maraɗi, akwai wata karya da ta shekara huɗu tana kwana a bakin wani sito na shinkafa, ba a taɓa fasa shi ba ko sau ɗaya. Da mai siton ya tashi ya koma wata unguwa, ya kwashe buhunansa har da sikeli, ita kuwa ya bar ta a bakin ƙofa. Kafin wata biyu ta rame, yara suka mai da ta abin jifa har suka karya mata ƙafa. Wata mai tuwo ce ta ja ta bayan rumfarta tana zuba mata ƙanzo da ruwa har ta miƙe. Yanzu mai tuwon ta ce gidan haya take, ba ta da wurin aje ta, masu cin tuwo kuma sun fara ƙorafi.

Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a kai ƙara wajen hukuma a zo a sa mata guba. Mu dai ba mu goyi bayan haka ba. Duk inda ake zubar da ƙashi da sauran abinci, kamar bakin mahauta da bayan rumfunan abinci, in aka kashe kare guda wani zai zo ya maye gurbinsa, kuma wanda zai zo baƙo ne, ba wanda ya san lafiyarsa. Ga kuma gubar kanta, wadda akuya ko kaza ko ƙaramin yaro ke iya ɗauka.

Tsoron da mutane ke ji kuwa gaskiya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, da wuya a tashi. Amma hukumar nan ita ce kuma ta ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allurar rigakafi, cutar na yankewa. Tun 1885 Luwi Fasto na Faransa ya gwada allurar a kan yaron da kare ya ciza ya tsira, yau ga mu muna jifa da dutse.

Saboda haka matakin farko shi ne a kai ta wajen likitan dabbobi ya duba ta, ya yi mata allura, a karɓi takarda. Masu shaguna goma na layin da ta yi wa gadi kyauta, in kowa ya ba da abin da yake kashewa a shayin safe, an biya.

Sannan a nema mata gida inda take da aiki. Manoman rani na Jiratawa, masu zogale da kayan miya, kullum kukansu awakin da ke shiga garka da ɓarayin injin ban ruwa. A karkarar Tibiri akwai makiyaya da mafarauta da suka san darajar kare fiye da mu mutanen birni. Waɗannan mutanen abokan cinikinmu ne, su ke kawo mana kaya da asuba, in muka yi cigiya ta bakinsu sati ba zai zagayo ba sai an samu. Addini ma bai hana ba, domin hadisi ya halatta aje kare don farauta da kiwo da tsaron gona, kuma duk mun ji labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa.

Sai dai kada a miƙa ta ga duk wanda ya fara cewa yana so. Akwai masu bi gari-gari suna sayen karnuka su tsallaka da su Nijeriya wajen masu cin namansu. A tambayi mutum garinsu da abin da zai yi da ita, wani daga cikinmu ya raka shi ya ga wurin, kamar yadda ba ma ba baƙo bashi sai mun san ƙofar gidansa. A kuma faɗa masa gaskiya: tana ɗingishi, kuma tun da aka jefe ta ba ta sakin jiki da yara.

Kafin a dace, iyaye mata a ja kunnen yara su daina tsokanarta. In tsautsayi ya sa kowane kare ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya shafa toka ko barkono. Karen kuma a ɗaure shi kwana 10 likitan dabbobi na lura da shi.

Mai tuwon ta ce za ta riƙe ta zuwa ƙarshen wata. Mai siton kuwa mun aika masa saƙo cewa da shi za a fara karo-karon kuɗin allura.