Masu buƙata ta musamman a Jigawa: Alawus ya gaza, sana'a ce ta rage

A shekarar 2007, lokacin da gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan masu buƙata ta musamman naira 7,000 duk wata, kuɗin sun zarce mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda a lokacin naira 5,500 ne. Yau mafi ƙarancin albashi ya kai naira 70,000, alawus ɗin kuwa yana naira 10,000 bayan ƙarin da gwamnatin Umar Namadi ta yi. Abin da a da yake riƙe gida, yanzu da ƙyar ya kai magidanci mako guda. Kuma ba kowa ke cikin jerin masu karɓa ba.

Wannan ne ya sa batun koyar da sana'a ya zama dole, musamman a ƙananan hukumomi irin 'Yankwashi, Roni da Gwiwa, inda noma da kiwo ne abin dogaro. Yaran da shan inna ya kama bayan ƙauracewa rigakafi a 2003 sun girma, wasu har da iyali. An ayyana Najeriya ta rabu da cutar a 2020, amma waɗanda ta naƙasa suna nan suna neman abin yi.

A takarda, doka tana gefensu. Jigawa na da dokarta ta kare haƙƙinsu, kuma dokar tarayya da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Sai dai gurbin gwamnati na mai takardar makaranta ne. Makaho ko kurman da ya kai shekara 30 a ƙauye bai taɓa shiga aji ba, wannan kaso bai shafe shi ba.

Matsalar horon da aka saba bayarwa ita ce gajarta da nisa. A tara mutane 'yan kwanaki a birni, a raba keken ɗinki, a ɗauki hoto, a watse. Wanda ya koma gida ba jari, ba maigida, ba mai saye, ƙarshenta yunwa ce za ta sa ya sayar da keken. Gurgun da ke Karkarna, hedikwatar 'Yankwashi, kuɗin mota zuwa Kazaure kullum kaɗai ya isa ya hana shi kammalawa.

Akwai darasi a Kano, inda ƙungiyar waɗanda shan inna ya shafa ta daɗe tana ƙera kekunan guragu a wurin waldarta. Mai koyarwa da mai koyo lalurarsu ɗaya, kuma abin da suke ƙerawa yana da kasuwa.

Yankin Kazaure ma bai rasa abin farawa ba. Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu na da malamai da kayan aiki. Akwai teloli, masu gyaran waya da masu walda a garuruwa, waɗanda za a iya biya su riƙe almajiri wata shida ko shekara a kusa da gidansu. Sarakunan makafi da na guragu kuwa sun san mutanensu gida-gida, sun fi kowa sanin wanda ya cancanta.

Ma'aunin nasara ba yawan waɗanda aka yaye ba ne. A koma bayan shekara guda a ƙirga mutum nawa ne har yanzu ke cin abinci da sana'ar.