Makaɗi Shi Kaɗai Da Na'urarsa

Sanin kowa ne cewa yawancin makaɗan Hausa da ƙungiya suke tafiya, da masu kiɗa da 'yan amshi. Amma akwai waɗanda suka shahara su kaɗai, kamar marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Kuntiginsa tsirkiya ɗaya gare shi, kuma muryarsa ƙarama ce. Lasifika ce ta isar da ita ga jama'ar manyan zauruka. Ashe ke nan tun tuni lantarki ya shiga sana'ar makaɗi mai tafiya shi kaɗai.

Daga baya al'amarin ya wuce ƙara sauti. An ƙera wata na'ura da ake takawa da ƙafa, wadda take naɗar ɗan gajeren kiɗa nan take, ta yi ta maimaita shi, makaɗi kuma ya ɗora wani a kai. Da irinta ne Ed Sheeran, mawaƙin Ingila, ya yi wasa dare uku a filin Wembley a 2015, daga shi sai jitarsa. Mai gurmi ko molo ma yana iya yin haka, ya huta da ɗawainiyar ƙungiya.

Sai dai akwai abin lura. Ɗan amshi yana da kunne. Idan mawaƙi ya hango wani babba ya shigo, ya ƙago sabon baiti a take, masu kiɗa sukan bi shi, su sassauta ko su matsa. Na'ura kuwa ba ta ji, abin da aka ba ta shi take maimaitawa. Idan mawaƙi ya sake, sai ya koma shi ne mai bin ta, ƙagen baiti ya mutu. Ga kuma darasin waƙoƙin finafinan Hausa, inda fiyano ta ture kayan kiɗan gargajiya da yawa.

Saboda haka bai kamata a ƙi na'ura ba, amma a gindaya mata sharaɗi biyu. Na farko, duk sautin da za ta maimaita a kaɗa shi da hannu a gaban jama'a, kada a zo da shi a naɗe daga gida. Na biyu, makaɗi ya iya tsayar da ita duk lokacin da waƙa ta bukaci canji. Ya dace sassan Hausa na jami'o'i su gayyato makaɗan gurmi da kukuma su gwada wannan haɗi a gaban ɗalibai, a ga abin da zai haifar.