Kada Rumbu Ya Tare Wa Katin Hoto Hanya

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da ƙananan ma'aikata, tun tsakiyar shekarun 1970 da Bankin Duniya ya tallafa wa shirin raya aikin gona na Funtuwa, ƙasarmu ta auduga da masara take jan masu awo da lissafi. A da takarda da fensir ne kayan aikinsu, yau kuwa kwamfuta ce. Mai son taswirar gonakin Malumfashi yana iya sauko da hotunan tauraron Sentinel-2, wanda Turai ta fara harbawa a 2015, kyauta. Wani yana haɗa bidiyon wayar da kan manoma, wani yana zanen gini. Dukkansu suna bukatar abu biyu: rumbun ajiya mai sauri, da katin hoto mai ƙarfi. Ra'ayina shi ne da yawanmu muna zubar da kuɗi wajen neman na farko, sa'an nan mu gurgunta na biyu ba da saninmu ba.

Ga yadda abin yake. Furosesa tana magana da sauran sassa ta wasu layuka da ake kira PCIe, kuma ƙidayayyu ne. Furosesar Intel ta ƙarni na 12, wadda ta fito a 2021, layi 20 gare ta: 16 na katin hoto, 4 na rumbu guda irin na NVMe. Ryzen na AMD mai zama a gurbin AM5, tun 2022, yana da 28: 16 na katin hoto, 8 na rumbuna da makamantansu, 4 kuma na zuwa cifset, watau ƙaramin wakilin da ke kula da sauran ramuka. To, in an ga babban allo, wanda masu gyara ke kira madabod, ɗauke da ramukan M.2 har huɗu, sai a tambaya: daga ina kowanne yake samun layinsa?

Galibi ramin da ke kusa da furosesa yana da layinsa na kansa, ba ya taɓa rabon kowa. Waɗansu ramukan ta cifset suke bi, su ma ba ruwansu da katin hoto, sai dai wani lokaci sukan kashe kafar SATA ɗaya ko biyu. Amma akwai na uku, musamman ramin PCIe 5.0 a kan alluna da yawa na Z690 da Z790, wanda da zarar an cusa masa rumbu sai layukan katin hoto su koma 8 daga 16. Duk wannan a rubuce yake cikin littafin da ke zuwa tare da allon, illa dai ba mu karantawa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Wani zai ce ai hasarar ba ta taka kara ta karya ba. Yana da gaskiya ta wani fanni, domin kowane sabon zubi na PCIe yana ninka saurin wanda ya gabace shi, don haka layi 8 na 4.0 daidai suke da 16 na 3.0. Har ila yau, kati irin RTX 4060 dama layi 8 kaɗai yake amfani da su. Sai dai mu tuna abin da aljihunmu yake iya saye a kasuwannin Kano da Zariya: yawanci tsofaffin alluna ne na 3.0. A nan ne ragin layi yake ciwo, musamman in aiki ya fi ƙarfin ma'ajiyar katin, ya koma yana ɗibar kaya daga babbar ma'ajiyar inji.

Sa'an nan mu dubi ribar. Rumbun SATA yana ba da wajen megabait 550 a daƙiƙa, na NVMe 4.0 kuwa wajen 7,000. Wanda ya tashi daga na farko zuwa na biyu zai ga bambanci wajen kwafar manyan fayiloli. Wanda ya haura zuwa 5.0 kuwa, da wuya ya ga wani canji a aikin yau da kullum, sai ƙarin tsada da zafi. Rumbun da ya yi zafi rage gudu yake yi da kansa, kuma kowa ya san zafin bazara a Funtuwa, da ƙurar hunturu mai toshe fanka. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Saboda haka shawarata ita ce: a karanta littafin allo kafin a biya kuɗi. A sa rumbu na farko a ramin furosesa, na biyu a na cifset. Bayan haɗawa a buɗe manhajar GPU-Z, kyauta ce, a duba ko katin yana kan layukan da ya kamata yayin da yake aiki. Kuɗin da ya rage kuwa a sayi na'urar riƙe wuta, domin ɗaukewar lantarki a tsakiyar aiki ta fi kowane jinkiri ɓarna.

Ina kuma kira ga jami'an da ke sayen kayan ofis da dukiyar jama'a, su riƙa neman wannan bayani a rubuce daga 'yan kwangila. Allah Ya sa mu gane, amin.