JAMA'AR GAYA DA AJINGI: BATIR RUMBU NE, KU TAMBAYI MUDU NAWA YAKE CI

 Wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi, don maganar ta shafi kowa, daga Kademi da Shagogo har Toranke, Balare da Gafasa.

Lokacin zaɓe ya ƙarato, masu neman ƙuri'a sun fito, kuma a bakin kowa akwai alkawarin sola. To jama'a, kafin ku tafa wa kowa, ku tsaya mu yi lissafi. Matambayi ba ya ɓata.

YADDA AKA ZO NAN

An kafa NEPA a 1972. A 2005 ta koma PHCN, a 2013 aka miƙa rabon wutar Kano, Katsina da Jigawa ga kamfanin KEDCO. Suna ya yi ta canzawa, amma ƙauyuka da yawa har yau tocila ce fitilarsu. A watan Mayu na 2023 aka janye tallafin man fetur, janareta ta fi ƙarfin talaka. A watan Oktoba na 2024 manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, Kano ta yi sama da mako guda cikin duhu. Shi ya sa hankalin jama'a ya koma kan sola da batir.

Abin kuwa yana aiki. A 2019 an buɗe tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero, a 2023 aka buɗe wata mai megawat 10 a Kumbotso. Amma rana ba ta kwana a sama. Da magariba ta yi, batir ne ke riƙe da gida.

RUMBU BA YA HAIHUWAR HATSI

Faifan sola shi ne gona, batir shi ne rumbu. Abin da aka zuba da rana, shi za a ɗiba da dare. Babban batir da aka fi gani a kasuwa, za ku ga an rubuta masa 12V da 200Ah. A ninka 12 sau 200, ya ba da 2,400. Mu kira wannan mudu 2,400 na wuta. Duk abin da aka rubuta masa wat 10, mudu 10 yake ci a awa ɗaya.

Amma a kula! Batir mai dalma, irin wanda ake zuba wa ruwa, ba a cin abin da ya wuce rabinsa. In ana kwashe shi ƙarƙaf kullum, ba zai yi ƙarko ba. Saura 1,200 ke nan. Inbata kuma, na'urar da ke juya wutar batir ta dace da kayan gida, ita ma tana cin ladanta. Abin da zai iso hannunka bai fi mudu 1,000 ba.

Ga yadda za a ci shi. Ƙwai huɗu na zamani masu wat 10, in su kaɗai aka kunna, za su kai awa 25. A ƙara fanka mai wat 70, da talabijin mai wat 60, da cajin waya uku, an kai wat 200 ke nan. Raba 1,000 gida 200: awa 5 kacal. Wanda ya kunna da ƙarfe bakwai na dare, sha biyu na yi wuta ta ɗauke, ga zafin bazara, ga sauro. Dutsen guga mai wat 1,000 kuwa, awa ɗaya zai share rumbun duka. Firjin ƙanƙara shi kaɗai yana iya cinye mudu 1,000 ko fiye a yini da kwana. Injin niƙa kuwa kada ma a kawo zancensa.

Akwai batirin lithium. Shi ana iya cin kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na abin da ke cikinsa, kuma yana jure caji sau dubbai. Mai mudu 5,000 zai riƙe wancan gida mai wat 200 kusan awa 20. Sai dai kuɗinsa da nauyi.

Sannan rumbu sai an cika shi. Faifai ɗaya mai wat 300, a rana mai kyau, abin da zai tara bai wuce mudu 1,200 ba. In hazon hunturu ya sauko, ko ƙura ta rufe faifan, ko hadari ya yini, abin zai ragu. Zafi ma abokin gaba ne: batirin da aka ajiye a ɗakin kwano mai turiri, kwanansa raguwa yake yi. Batirin mota kuma ba don wannan aiki aka yi shi ba.

ME YA HAƊA WANNAN DA ƘURI'A?

Ku duba fitilun kan titi da ake kafawa gab da zaɓe. Sandar na nan, faifan na nan, amma fitilar ta mutu. Sau da yawa batir ne ya gaji, ba a kuma ware kuɗin canza shi ba. Na titi da sauƙi. A asibitin ƙauye fa? Allurar rigakafin yara tana son sanyi tsakanin digiri 2 da 8, in firji ya tsaya ta lalace. Naƙuda kuma ba ta duba agogo. In batir ya ƙare ƙarfe biyu na dare, da hasken waya za a karɓi haihuwar 'yarka.

Saboda haka duk ɗan takarar da ya zo da zancen sola, ko na wace jam'iyya ne, ko namu ne, ku tare shi da tambayoyi biyar:

Na ɗaya, batirin mudu nawa yake ci, kuma mai dalma ne ko lithium?

Na biyu, me da me zai ɗauka, na awa nawa?

Na uku, faifai nawa za su cika shi a rana ɗaya?

Na huɗu, ran da ya mutu, wa zai saya sabo, daga wane asusu? Tun ran gini ran zane.

Na biyar, wane yaro za a koya wa gyara a garin nan, kuma ina za a kai tsohon batir? Dalma guba ce. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a Zamfara. Kada a bar yara suna wasa da fasasshen batir.

Ku kuma tuna masa cewa batir ba ya maye gurbin waya da taransifoma. Mai niƙa da mai walda suna bukatar wuta mai ƙarfi. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu, ga kuma Hukumar Samar da Lantarki a Karkara, wato REA. Wanda zai wakilci Gaya, Ajingi da Albasu a Abuja, da masu zuwa majalisar jiha, ba su da sauran uzuri.

Wanda ya amsa muku da lissafi, ku saurare shi. Wanda ya amsa da kirari da kiɗa, ku sha kiɗan ku riƙe ƙuri'arku. Ranar zaɓe ku fito da katinku, maza da mata. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya ba mu damina mai albarka da shugabanni masu cika alkawari, amin.